Abokin Kuka Shi Ake Gaya wa Mutuwa: Yadda Za Ku Kafa Zaman Sauke Nauyi Tsakanin Ma'aikatan Asibiti

A shekarar 2017 sanƙarau ya addabi Zamfara da Sakkwato da Katsina tun cikin bazara. Ba mu gama miƙe baya ba damina ta sauka, zazzaɓin cizon sauro ya cika mana ɗakin yara, gado ɗaya yara biyu, wani lokaci uku. A wani daren Satumba, wajen ƙarfe uku, aka kawo yaro ɗan shekara biyu daga wani ƙauye, tafin hannunsa fari fat kamar takarda. Jini yake buƙata. Kafin ledar jinin ta iso, rai ya yi halinsa.

Wata ƙanwarmu, wadda watanta bakwai kacal da fara aiki, ita ta yi ta neman jijiyarsa. Ta rufe shi da zanen uwarsa, ta rubuta lokaci a fayil, sai na neme ta na rasa. A sito na same ta, bayan kwalayen ruwan ƙari, zaune a ƙasa. Ba kuka take yi ba, hannuwanta kawai take kallo. Na ce mata abin da aka ce mini lokacin da nake sabuwa: "Ki yi haƙuri, kwanansa ne ya ƙare. Tashi, aiki na jiranmu." Ta tashi. Bayan mako uku ta fara kawo takardar rashin lafiya, daga nan ta nemi a sauya mata wurin aiki.

Abin da na faɗa mata gaskiya ne. Amma da gaskiyar nan na rufe mata baki, kuma na daɗe kafin in gane haka.

Ni ma'aikaciyar jinya ce kuma ungozoma, na kusa shekara ashirin ina wannan aiki a Sakkwato. Bayan wancan dare ne mu biyar muka fara wani ɗan zama duk ranar Laraba. Abin da zan rubuta a nan shi ne yadda za ku yi irinsa a wurinku, da kurakuran da muka tafka don kada ku maimaita. Zan riƙa cewa "ki" saboda da mata na saba zama. Maza, har da ku ake.

Ku fara sanin abin da kuke yi wa magani

A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana gajiyar aiki mai cinye mutum, wadda ake kira "burnout" da Turanci, a kundinta a matsayin abin da aiki ke haifarwa idan matsinsa ya daɗe ba a shawo kansa ba, ba ta lissafa ta cikin cututtuka ba. Ta ba ta alamomi uku. Da harshenmu na ɗaki ga yadda suke: gajiyar da barci ba ya kashewa, bushewar zuciya, har mara lafiya ya daina zama mutum ya koma "gado na shida", sai kuma jin cewa duk abin da kike yi ba ya tsinana komai. Ta biyun ta fi ba ni tsoro, don ita ce ke sa nas ta daka wa mai naƙuda tsawa, ta koma gida tana mamakin kanta.

Abin lura shi ne daga aiki abin yake fitowa. Ba ragwanci ba ne, ba kuma raunin imani ba. Amma wanzami ba ya son jarfa. Mu da ke faɗa wa mutane su huta, su ci abinci, su sha magani a kan lokaci, mu ne za mu yi awa goma sha biyu da shayi kofi ɗaya, mu haɗiyi farasitamol mu ci gaba.

Kada ku fara da kwamiti

Kuskuren farko da na so yi shi ne rubuta wa hukumar asibiti takarda. Wata yayata a aiki ta hana ni. Ta ce, "In kika rubuta, za a naɗa shugaba da sakatare, a buga bana, a yi taro ɗaya da lemo, shi ke nan." Ta yi gaskiya. Ki fara da mutum ɗaya, wadda kika taɓa gaya wa magana ba ki ji ta a bakin kowa ba. Ku biyu ku zaɓi ta uku. Ku tsaya tsakanin mutum huɗu zuwa shida. In kun wuce haka, masu kunya za su yi shiru, masu baki su cinye lokacin.

Kada a sa wadda ke rubuta rosta, ko wadda ke cika miki fom ɗin ƙarin girma. Ko da mutuniyar kirki ce. Ba za ki iya cewa "jiya na kusa ba da allurar da ba ita ba saboda barci" a gaban wadda za ta sa hannu a takardarki ba. Manya su yi nasu zaman, su ma suna da abin da ke cin su. Ni kaina da aka ƙara mini girma na fara riƙe ɗaki, sai da na tambayi sauran ko in fita. Suka ce in zauna saboda babu wadda ke ƙarƙashina a cikinsu. Da akwai, da na fita.

A garin nan ya fi sauƙi mata su yi nasu, maza nasu. Babu mai son a kai wa mijinta labarin an gan ta zaune da abokan aiki maza bayan an tashi. Haka kuma, a farko ku bar likitoci da likitoci, nas da nas, 'yan ɗakin gwaji da junansu. Kowa ya san tsamin da ke tsakanin ɓangarorin nan, ba a zaman farko za a warware shi ba. Amma don Allah ku tuna da masu shara da masu tura marasa lafiya da masu gadi. Su ke wanke jinin, su ke kai gawa, su dangi ke fara zagi a ƙofa, kuma ba a taɓa tambayarsu yadda suka kwana. Ku nuna musu yadda ake yi, su kafa nasu.

Wani ya taɓa ce mini wannan al'adar Turawa ce. Na ce masa a ƙasar nan Nana Asma'u ta kafa 'Yan Taru, mata na koyar da mata, suna bin ƙauyuka, suna duba marasa lafiya da masu takaba. Mace ta zauna da 'yar uwarta don ta ɗauke mata nauyi ba baƙon abu ba ne a Sakkwato.

Lokaci da wuri

Ku tsayar da rana ɗaya da lokaci ɗaya, kada ku riƙa sauyawa. Namu Laraba ne, bayan masu aikin safe sun miƙa aiki an yi azahar. Minti arba'in, ba ƙari, saboda akwai mai ɗauko yara daga islamiyya, akwai mai girki. Wadda ke aikin dare a makon, in ta iya ta zo, in ba ta iya ba, a kira ta.

Kada ku zauna a teburin nas, ko inda mai jinya zai leƙo ya ce ruwan ɗansa ya ƙare. Mun fara a gindin wani dogon yaro can bayan ginin. Da Afrilu ta zo, zafi ya haura digiri 40, iska kamar daga bakin tanda, muka koma gidan ɗayarmu a Mabera. Da azumi mukan dakatar, kowa ta riƙe mutum ɗaya da za ta riƙa kira bayan tarawihi. Kuma a samu abin taɓawa, ko fura ce da nono, ko shayi a flas. Baki ya fi buɗewa idan hannu na riƙe da kofi.

Amana

A ranar farko a faɗi sharuɗɗa da baki, kowa ta amsa. Abin da aka faɗa a zaman, a nan zai kwana. Ba a kai wa miji, ba a kai wa uwa, ba a kai wa aminiya. Ba a ambaton sunan mara lafiya, ko unguwarsa, ko gidan da ya fito. Sakkwato kamar babba, amma in kika ce "matar wani ɗan kasuwa a Rijiyar Ɗorowa da ta haifi tagwaye", to cikin mu biyar akwai surukarta. A kife wayoyi. Idan kun buɗe zauren WhatsApp, ya tsaya ga "yau akwai zama" da "ina tafe". Abin da aka rubuta ana iya ɗaukar hotonsa.

Sharaɗi ɗaya ne ke karya amanar, shi ma a faɗe shi tun ranar farko don kada wata ta ce an yaudare ta: in rai na cikin haɗari, nata ko na mara lafiya, ba za mu yi shiru ba. Amma ita za mu fara gaya wa, kuma tare da ita za mu je inda za a je.

Zamanmu ya taɓa mutuwa saboda wannan. Ɗayarmu ta ba mijinta labarin wata a cikinmu da ke fama da rashin barci, ba da mugun nufi ba, tausayi ne ya kai ta. Shi kuma ya faɗa a majalisarsu. Kafin mako biyu maganar ta zagayo ta dawo wa mai ita da ƙari, wai ta fara taɓuwa. Wata huɗu ba mu zauna ba. Da muka dawo, mai laifin ta nemi gafara a gaban kowa, aka yafe, amma ita da kanta ta ce za ta janye. Ba mu hana ta ba. Har gobe muna gaisawa, muna zuwa sunan juna.

Tambayar da ke buɗe baki

Gaisuwarmu ta Hausa ba ta barin mutum ya faɗi gaskiya. "Ina gajiya?" "Ba gajiya." Mace ta kwana tsaye a ɗakin haihuwa, ƙafafunta sun kumbura, amma dole ta ce ba gajiya. "Ya aiki?" "Da godiya." Wannan ladabi ne mai kyau, ku yi shi, ku gama. Sannan ku yi tambayar da ba ta da amsar haddace.

Waɗanda suka yi mana aiki su ne irin waɗannan. "Wane mara lafiya ne ya bi ki gida a makon nan?" "Awa nawa kika yi barci shekaranjiya da jiya?" "Yaushe rabonki da ki ci abinci a zaune?" "Wa kika yi wa faɗa a gida wanda bai yi miki komai ba?" Ta ƙarshen nan takan sa a yi dariya, daga dariyar kuma sai hawaye.

Muna da wata dabara da ta zo mana ba shiri. Wata rana an kawo dabino, muka ci, ƙwallayen na cikin faranti. Sai ɗayarmu ta ce kowa ta ɗebi ƙwallo gwargwadon nauyin da ke zuciyarta, daga ɗaya zuwa biyar, ta ajiye a gabanta. Tun daga ranar muka adana su a gwangwanin madara. Amfaninsu shi ne ba sai kin yi magana ba kafin a san halin da kike ciki. Wadda ta fi yawan ƙwallo ita ke farawa, in tana so. In ta ce "yau ban iyawa", sai a wuce, ba a matsa mata. Idan kuma aka ga mace ta ajiye huɗu ko biyar mako uku a jere, to ba a jiran Laraba, a bi ta gida.

Sauraro, wanda shi ne aikin gaba ɗaya

Nan ne muka fi shan wuya, don an horar da mu mu gyara. Mara lafiya ya faɗi ciwo, mu kawo magani. Sai 'yar uwa ta buɗe baki, kafin ta kai aya mun jero mata shawara biyar. Ki riƙe harshenki. Ki bari ta kai ƙarshe. In ta yi shiru, kada ki yi saurin cike gurbin, ki ƙirga goma a zuci. Mafi yawan lokaci ainihin maganar tana bayan shirun nan ne. Kafin ki ba da shawara ki tambaya: "Shawara kike so, ko so kike a ji ki kawai?" Za ki yi mamakin sau nawa za a ce miki na biyun.

Akwai maganganun da muka hana a zamanmu. "Ai wannan kaɗan ne, ni da na ga..." Ba gasar wahala ake yi ba. "A zamaninmu mu biyu ke riƙe ɗaki mai gado talatin ba mu yi kuka ba." Kun yi, a banɗaki kuka yi shi. "Ki ƙara tawakkali." Wannan ta fi ciwo, don ta zo da nauyi ɗaya, kin mayar da ita da biyu: ga baƙin ciki, ga zargin kanta a kan addininta.

Ba cewa nake a daina ba da haƙuri ko a daina tuna ƙaddara ba. Da su muke rayuwa, in babu su da babu wadda za ta kai shekara a ɗakin yara. Maganar ita ce a ina za a sa su. In kika sa haƙuri a farko ya zama murfi, in kika sa shi bayan ta zazzage cikinta ya zama magani. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya zubar da hawaye ranar da ɗansa Ibrahim ya rasu, ya ce ido na hawaye, zuciya na baƙin ciki, amma ba ma faɗin sai abin da Ubangijinmu ya yarda da shi. To wace ce ni da zan hana yarinya 'yar shekara ashirin da uku kuka a sito?

Ɗaya daga cikinmu 'yar Zuru ce, Kirista. In an zo rufewa kowa na addu'a yadda ta iya, babu mai yi wa wata wa'azi. Ku kiyaye wannan in zamanku ya haɗa.

Abin da ya dace ki faɗa ba shi da yawa. Ki maimaita mata abin da kika ji da kalmominki: "Wato ba mutuwar ce ta fi damunki ba, kallon da uwar ta yi miki ne." In kin dace za ta ce "awo, shi ne". In ba ki dace ba za ta gyara miki, gyaran ma ci gaba ne.

Idan abu ya faru yanzu-yanzu

Wani lokaci ba a iya jiran Laraba. Mace ta rasu a kan gadon haihuwa da jini. An kawo mutum goma sha da harbin bindiga daga gabashin jiha a dare ɗaya. Ɗan uwan mara lafiya ya ɗaga hannu ya mari nas. Don irin wannan ne kowa a zamanmu take da abokiya ɗaya da za ta iya kira ko ƙarfe nawa ne.

A 2011 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagora kan taimakon farko ga wanda ya shiga tashin hankali, ta taƙaita shi a abu uku: duba, saurara, haɗa. Ga yadda muke yin su a ɗaki. Ki dube ta: tana rawar jiki, ta yi zuru, tana ta wanke hannu ba dalili? Ki janye ta daga idon mutane, ki zaunar da ita, ki ba ta ruwa. Ki ce, "Na riƙe miki gadajenki minti ashirin." Wannan jimla ta fi duk wani lallashi. In ta so magana ki saurara. In ba ta so ba, kada ki ce sai ta ba ki labari daki-daki. Hukumar ma ba ta goyon bayan a tara mutane nan take a sa su maimaita abin da suka gani, don ba a ga yana hana ciwon zuciya daga baya ba. Sannan ki haɗa ta da wanda zai karɓe ta: kada ta tuƙa mota ita kaɗai, a samo mata Keke Napep ko a kira ɗan uwanta, a tabbatar akwai mutum a gida. Ki kira washegari. Ki sake kira rana ta uku. Ki kuma tuna da ita bayan mako biyu, lokacin da kowa ya manta, don a nan ne abin ke dawowa.

Idan kuskure ne ya faru, abin ya fi nauyi. Wani likita a Amurka, Albert Wu, ya rubuta a shekarar 2000 cewa ma'aikacin da ya yi kuskure shi ne mutum na biyu da kuskuren ke raunatawa, bayan mara lafiya. Duk wadda ta taɓa ba da magani fiye da ƙima ta san haka. A nan ki riƙe abu biyu. Kada ki ce "ba laifinki ba ne" in ba ki sani ba, za ta gane lallashi ne, ta daina yarda da ke. Kuma kada ki taya ta gyara fayil ko ɓoye abin. Wannan ba zumunci ba ne, rami kike gina mata, kina kuma cutar mara lafiya. Abin da za ki ce shi ne, "Tashi in raka ki wurin Metiron, ina tsaye kusa da ke." Bincike aikin hukuma ne. Naki shi ne kada ta shiga ita kaɗai, kada kuma ta fito ita kaɗai.

Hannu da aljihu

Magana kaɗai ba ta isa. Rabin abin da ke riƙe zamanmu musayar duti ne: ɗanki ba lafiya, na karɓar miki daren Juma'a, ki biya ni wata rana, da sanin mai rosta. Muna ajiye ɗan abin da bai taka kara ya karya ba duk mako don fura da kuɗin kabu-kabu. Adashe kuwa ku yi shi a wani wuri. Ranar da wata ta kasa zubi, ranar za ta daina zuwa, kuma ita ce ta fi bukatar zaman.

Ƙorafi a kan aiki zai taso dole: ƙarancin ma'aikata, abokan da suka tafi Saudiyya da Ingila aka bar mana gadajensu, wuta da ke ɗaukewa ana tsakiyar ɗinki, alawus da ba ya zuwa. Mun ware masa minti goma. In ya wuce haka sai a tashi zuciya ta fi zafi fiye da yadda aka zo. Abin da ya yi ta maimaituwa sai a rubuta shi ba tare da sunan kowa ba, a kai wa shugabar ɗaki ko wakilin ƙungiyar ma'aikatan jinya da ungozoma. Kuma kada ku yarda wani babba ya ce tunda kuna da zamanku ai matsala ta ƙare. Zaman Laraba ba ya ɗaukar ma'aikata, ba ya sayen janareta.

Inda ƙarfinmu ya tsaya

Mu abokan aiki ne, ba likitocin ƙwaƙwalwa ba. Idan mace ta haura mako biyu ba barci, ba cin abinci, ba abin da ke mata daɗi. Idan abin da ta gani na dawo mata a mafarki ko ido biyu har tana gudun wani gado ko wani ɗaki. Idan ta fara cewa "gara in mutu in huta", to abin ya wuce fura da hira. Haka nan in kika lura tana neman barci da diyazefam, ko tana jan aiki da tiramadol, ko lissafin allurar kashe ciwo ta fentazosin ya fara ƙin cika a dutinta. Mu da makullin kabad ɗin magani ke hannunmu mun fi kowa kusa da wannan rami, kuma mun fi kowa iya ɓoyewa.

Maganar mutuwa ki tambaye ta kai tsaye, a keɓe: "Kina tunanin kashe kanki?" Tambayar ba ta dasa tunanin a zuciyar wanda ba shi da shi, wanda ke da shi kuwa sau da yawa sauƙi yake ji an tambaya. In ta ce e, kada a bar ta ita kaɗai, a karɓi makullin, a nisanta ta da magunguna, a samu wani nata da ta yarda da shi, a ga likita a ranar.

A Sakkwato akwai sashen lafiyar ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, akwai kuma asibitin tarayya na ƙwaƙwalwa da ke Kware. Na san yadda sunan Kware yake a bakin mutanenmu, da shi ake tsokanar yara. Shi ya sa ba a cewa "ki je", sai dai "mu je". Ki saka hijabinki ki zauna kusa da ita a layi. In tana tsoron a gan ta a inda take aiki, a nemi wani wurin. Ki kuma sanar da ita cewa tun Janairun 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, kuma ta tanadi haƙƙin a rufa wa mai neman magani asiri, kada a nuna masa bambanci. Addu'a da ruƙiyya su tafi tare da ganin likita, kamar yadda muke gaya wa masu hawan jini. Abu ɗaya da na roƙe ku: kada ku rubuta wa juna magani a bayan kati. Mun iya, shi ya sa yake da haɗari.

Ke mai sauraro ma ki kula da kanki. A kowane zama akwai wadda kowa ke kai wa kuka, ita kuma ba ta da inda za ta kai nata. A namu ni ce, har sai da yayata ta lura wata uku ina ajiye ƙwallo ɗaya. Ta ce, "Ke, wa kike ruɗi?" Tun daga nan jagorancin zama ke zagayawa, kowa da makonta.

Waccan ƙanwar tamu ba ta dawo ɗakin yara ba, tana wurin awon ciki har yanzu. Kusan shekara guda bayan wancan dare na tattara kunyata na je gidansu a Arkilla, na ce mata ban kyauta ba, na gayyace ta. Ta zo. Mako uku tana ɗibar ƙwallo biyar ba ta ce uffan ba. A na huɗu, muna shirin tashi, ta ce, "Anti, da na samu jijiyar da wuri, da shina raye?"

Wata goma sha ɗaya tana ɗauke da tambayar nan, kuma amsarta na wurina tun a daren. Na gaya mata ni ma na gwada hannu biyu ban samu ba, likita ma sai a fatar kai ya samu, kuma ko da an samu a minti na farko, babu jinin da za a sa masa sai wanda ya iso bayan ya cika. Ta sa na maimaita. Na maimaita. Ta ɗauki ƙwallo biyu ta mayar cikin gwangwani, ta bar uku a gabanta.

Yanzu ita ke ajiye gwangwanin. Kafin mu tashi kowa takan faɗi sunan wadda za ta kira kafin Laraba mai zuwa, sannan a faɗi mai kawo flas. Wannan makon ni ce, kuma citta ta ƙare a gidana, sai na biya kasuwa in na tashi daga aikin safe.